Babi na Shida: Baƙin da Ke Daskarewa a Bayan Bawul

Daga cikin cututtukan da ke kama injin mota, akwai waɗanda ke zuwa da hayaniya, kamar tsinkewar bel ko ƙonewar gasket, waɗanda ko yaron mota ya ji ya san an yi ɓarna. Akwai kuma waɗanda ke shigowa sannu a hankali, ba ƙara ba hayaƙi, har mai mota ya saba da raunin motarsa ya ɗauka tsufa ne, alhali kuwa illa ce mai wuri sananne da magani sananne. Mas'alar wannan babi tana cikin kashi na biyu, ita ce baƙin dattin nan da makanikai ke kira kabon, wanda ke daskarewa a bayan bawul ɗin da iska ke bi ta shiga silinda. Na zaɓi in yi bayaninta a kan ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da garuruwan da ke tsakaninsu da iyakar Nijar, domin a can ne sabubanta suka taru wuri ɗaya, a can ne kuma sakamakonta ya fi tsanani a kan mutane.

Wanda ya san wannan ƙasa ya san cewa mota a cikinta ba kayan ado ba ce. Ita ke ɗaukar albasa da gero da wake daga fadamun gulbin Rima da na Bunsuru zuwa kasuwanni, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke sada mutumin Sabon Birni da 'yan'uwansa na Tsibiri da Maraɗi, waɗanda tarihi ya raba su da su tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Hanyoyin kuwa ƙidayayyu ne: wadda ta fito daga Sakkwato ta Goronyo, da wadda ta ratsa dajin Gundumi daga Marnona zuwa Isa, da wadda ta zarce Shinkafi da Ƙaurar Namoda. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin, kowace daga cikinsu ta zama wurin da direba ke roƙon Allah kada motarsa ta yi masa gardama. Mutanen Gobir ba za su manta da watan Disamba na 2021 ba, lokacin da aka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni, kusa da Gidan Bawa, aka ƙone ta da mutanen da ke ciki, Allah ya jiƙansu da rahama. Kare hanya haƙƙi ne da ke wuyan hukuma, ba a wuyan bakanike ba. Amma motar da aka taka totur ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta amsa, ko wadda ke mutuwa duk sa'ad da aka rage gudu a gaban rami, a irin waɗannan hanyoyi lahaninta ya wuce na aljihu.

Domin a gane cutar, wajibi ne a fara sanin gaɓar da take kamawa. Injin fetur na mota, wanda ya gaji tsarin injin da Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, yana aiki ne da motsi huɗu: fistin ya sauka ya zuƙo iska, ya hau ya matse ta tare da mai, fulogi ya ba da wuta abin ya fashe ya tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Ƙofofin da ke buɗewa da rufewa domin wannan aiki su ne bawul, kowanne da faffaɗan kai da siririyar ƙafa, na shiga daban, na fita daban. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, wanda shi ne gwargwadon tafiyar mota a kan kwalta mai kyau, kowane bawul na shiga yana buɗewa ya rufe sau 25 a cikin daƙiƙa guda, kuma a cikin wannan ɗan taƙin ne ake son silinda ta cika da iska. Yawan iskar kuwa ya fi ƙarfin zaton mafi yawan direbobi, gama kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙonewa cikakkiya, wato lita ɗaya ta mai tana cin wajen lita 9,000 ta iska. Ashe ke nan abin da injin ya fi sha ba fetur ba ne, kuma duk abin da ya ƙuntata mashigar iska ya rage masa ƙarfi ko da tanki a cike yake.

To, ina baƙin ke fitowa, alhali iska ce kaɗai aka ce tana bi ta nan? Amsar ita ce ba ita kaɗai ba ce. Duk lokacin da wuta ta fashe a silinda, wani ɓangare na hayaƙin yakan silale ta gefen ringi ya sauka cikin injin inda baƙin mai yake, ya gauraya da tururinsa. A zamanin da, ana barin wannan tururi ya fice waje ta wani bututu. Amma tun farkon shekarun 1960, da dokokin tsabtace iska suka fara aiki a Amurka, sai maƙera suka mayar da shi ta wani ƙaramin bawul da tiyo zuwa cikin manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silindu, domin injin ya sake zuƙarsa ya ƙone. Wasu injuna kuma suna komo da wani abu na hayaƙin salansa cikin iskar, domin rage zafin ƙonewa. Ga kuma baƙin man da ke ɗiga ta ƙafar bawul ɗin kanta idan 'yar robar da ke tare shi ta bushe. Dukkan waɗannan suna faɗawa a bayan kan bawul, wuri mai zafin da ya isa ya soya mai, amma bai isa ya ƙone shi ƙurmus ba, saɓanin bawul na fita wanda wutar hayaƙi ke gasawa har ya kan kai digiri 700 ko fiye. Sai man ya kama, ya yi danƙo, ya bushe, wani ya hau kansa, kamar yadda ƙanzo ke kama gindin tukunyar da ake ɗorawa kullum ba a kankarewa, har a wayi gari wuyan bawul ya yi kauri da wani baƙin dunƙule mai kaushi, iska ta rasa sararin da aka auna mata, ta kuma rasa irin juyawar da aka tsara ta yi domin ta gauraya da mai.

A nan ne mas'alar ta rabu biyu, kuma rashin sanin wannan rabuwa shi ne asalin yawancin kurakuran da ake yi a garejojinmu. Motocin da makanikan Isa da Sabon Birni suka koyi sana'a a kansu, irin su Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, suna da kafireta, wadda ke gauraya fetur da iska tun daga nesa, su taho tare su bi ta kan bawul. Waɗanda suka biyo baya, irin su Golf 3 da Sharan da Carina E da Corolla, waɗanda ke ɗaukar fasinjoji a yankin, suna da nozul da ke fesa mai a cikin mashigar, kafin ya kai bawul. A duka nau'o'in biyu fetur yana wanke bawul a kowane buɗewa, ba tare da direba ya sani ba, ba tare da bakanike ya karɓi lada ba. Idan kuma man yana ɗauke da sinadarin wanki, irin wanda hukumar Amurka ta wajabta zubawa a fetur tun 1995, sai wankin ya ƙara inganci. Saboda haka tsofaffin ma'aikata suka taso suna ganin kabon a kan fistin da fulogi da bawul na fita, ba su ɗauki bawul na shiga a matsayin wurin tuhuma ba sai in injin ya riga ya fara shan baƙin mai, kuma a zamaninsu wannan fahimta daidai ce.

Amma maƙera sun sauya tsari. Domin neman ƙarin ƙarfi da ragin shan mai, suka koma fesa fetur kai tsaye cikin silinda, da matsi mai tsanani, ba tare da ya taɓa bayan bawul ba. Dabarar tsohuwa ce, gama Mercedes 300 SL ta 1954 da ita ta fito. Amma kamfanin Mitsubishi ne ya shigar da ita cikin motocin talakawa a 1996, Volkswagen ya biyo baya a 2000, sa'an nan abin ya game duniya, har Hyundai Sonata ta 2011 da Honda Accord ta 2013 mai silinda huɗu suka zo da shi. Waɗannan kuwa su ne motocin da yanzu suka tsufa a Turai da Amurka, suke sauka a Kwatano da Legas, suke isowa hannun ɗan kasuwa da ma'aikacin ƙaramar hukuma da basarake a ƙasar Gobir, da yawansu sun riga sun ci kilomita dubu ɗari da wani abu kafin su ga rairayin Rima. A cikin irin wannan inji tururin baƙin mai na nan yana sauka a kan bawul kamar da, mai wankewar ne ya tafi. Su kansu maƙeran sun ga aibin, shi ya sa Toyota tun 2005 ta fara sanya nozul biyu ga kowace silinda a wasu injunanta, ɗaya a ciki ɗaya a mashiga, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu daga baya.

Idan mota ta fara ciwo a wannan yanki, wanda ake fara zargi shi ne ɗan bumburutu. Zargin yana da tushe, domin gidajen mai kaɗan ne, kuma sau da yawa a bushe suke. Man jarka kuwa yakan sha rana, ya kwashi ƙura da ruwa da tsatsa, wani lokaci ma marar tsoron Allah ya haɗa shi da kananzir. Ko a watan Satumba na 2021, da gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa ta kuma hana sayar da fetur a jarka domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samunsa, mutanen kirki sun sha wahalar neman mai, suka zuba duk wanda suka samu. Gurɓataccen mai ma ba a bakin titi kaɗai yake ba, gama a watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasa, ya lalata motoci a manyan birane. Duk da haka adalci ya wajaba ko a kan wanda aka saba zargi. Mugun mai yana toshe nozul, yana kashe famfo, yana baƙanta fulogi, kuma a tsohon tsari yana ƙazanta bawul. Amma a injin da ke fesawa cikin silinda, man da bai taɓa bawul ba, mai kyau ne ko marar kyau, ba shi ne babban mai laifi a kan abin da ya taru a bayansa ba. Haka nan 'yar kwalbar maganin da ake saye a zuba a tanki, wadda ke da amfani na gaskiya ga Golf da Carina idan ta ƙwarai ce, ba ta isa wurin ciwon a sabon tsari, kuma wanda ya saye ta da wannan niyya ya yi asarar kuɗinsa.

Masu laifin na haƙiƙa a ƙasarmu uku ne, kuma na farkonsu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zube ta a kan ƙasar Hausa. Sauran shekara kuma hanyoyin burji da na rairayi da ke zuwa Gatawa da Tsamaye da Bafarawa suna ba da nasu. Idan aka tuna da lita 9,000 ɗin nan, za a gane nauyin da ke kan iyakilina, wato matatar iska, wadda direba ke cirewa ya karkaɗe a jikin taya ya mayar, ko ya sa mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage a inda ido ba ya gani. Ƙurar da ta wuce tana goge ringi da bangon silinda da ramin da ƙafar bawul ke kai-komo a ciki, hayaƙin da ke silalewa ƙasa ya ƙaru, tururin mai da ke komowa manifol ya ƙaru, ita kanta ƙurar kuma ta manne a danƙon ta ƙara masa tauri. Na biyu shi ne baƙin mai: na jabu da ake ɗurawa a galan mai suna, da na awo da ba a san asalinsa ba, da na ƙwarai da aka bari ya wuce wa'adinsa saboda tsadar rayuwa, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sabis ya zama abin da ake jinkirtawa. Man da ya gaji ko wanda asalinsa marar inganci ne ya fi saurin zama tururi, tururin kuma mun riga mun san inda yake sauka.

Na uku al'ada ce da ta samu gindin zama har ta zama kamar farilla, wato cire tamostat daga mota da zarar ta iso, bisa hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Wannan taƙlidi ne da aka gada ba tare da bincike ba. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90, kuma tamostat ne ke kai shi can da sauri ya riƙe shi. Idan aka cire shi, aka kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, sai injin ya yi ta aiki da sanyi, musamman da asubahin hunturu, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu ana ɗumamawa ne ta yi ta ƙara mai, fetur da raɓa su tsaya cikin baƙin mai maimakon zafi ya kore su. A haɗa wannan da dogon sulo a tasha ana jiran cikar fasinja, da tsaye-tsaye a shingayen jami'an tsaro, sai a ga an tanadar wa kabon duk abin da yake bukata.

Alamomin cutar ba su da wuyar ji, wuyarsu ita ce sun yi tarayya da na wasu cututtuka. Mota takan yi rawa a sulo da safe ta daidaita idan ta yi zafi, takan yi misin, takan yi jinkirin amsa totur, takan rasa ƙarfi a hawa ko wurin wuce babbar mota, shan mai ya ƙaru, fitilar inji ta kama, na'urar bincike ta nuna lambobi daga P0300 zuwa P0304, waɗanda ke nufin wata silinda ba ta ƙona manta daidai. Amma mataccen fulogi yana yin haka, kwayil mai rauni yana yi, toshewar nozul ko matatar mai tana yi, tsagewar tiyon iska ma tana yi. A nan ne ake jin kalmar da ta cinye dukiyar mutane da yawa, inda bakanike zai saurari injin, ya girgiza kai, ya ce, “Alhaji, wagga mota injinta ya gaji, sai dai a sauke a sa wani.” Sai a aika Sakkwato ko Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo injin Beljiyam da kuɗin da ya kai na shanu, wanda mai yiwuwa ne nasa bawul ɗin sun fi na farko datti. Ban ɗauki wannan a kan ha'inci ba, domin mafi yawan makanikanmu mutane ne masu amana da ke aiki da hannu da kunne a ƙarƙashin itace, ba littafi ba na'ura; ƙiyasi ne suke yi da abin da suka sani a kan abin da ya saɓa masa. Sai dai mai mota yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi, “Malam, mi kag gani da idonka?” Gama malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe zato da yaƙini, kuma ba a yanke hukunci mai tsada a kan na farko alhali akwai hanyar kaiwa ga na biyu.

Hanyar kuwa ita ce a fara da mai sauƙi. A duba fulogi da kwayil, a musanya na silindar da ke misin da na maƙwabciyarta a ga ko ciwon zai bi shi. A duba iyakilina da tiyoyi. A auna matsin kowace silinda da agogon da aka yi domin haka, domin idan matsin ya yi daidai a duka, to ringi da zaman bawul lafiya suke, kuma maganar sauke inji ta faɗi. Bayan haka sai a duba bawul ɗin da ido. A yau akwai 'yar kyamara mai fitila a kan siririyar waya, wadda ake haɗawa da wayar hannu, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba, kuma ina ganin babu garejin da ya kamata ya rasa ta. Idan aka zura ta ramin fulogi za a ga kan fistin da fuskar bawul. Amma bayansa, inda ciwon yake, an fi ganinsa ta mashigar iska, ko dai ta ramin wata na'ura da aka kwance, ko bayan an cire manifol gaba ɗaya. Abin da aka gani yana da karatu. Ɗan baƙi sirara a busasshe ba cuta ba ne, a bar shi. Dunƙule mai kauri da ya cike wuyan bawul a dukan silindu yana nuna tururin mai daga manifol, sai a tuhumi ƙaramin bawul ɗin da ke komo da shi, da ringi, da irin man da ake zubawa. Idan kuwa bawul ɗaya ne ya jiƙe sharkaf da mai yana ƙyalli, sauran da dama-dama, to robar ƙafarsa ce ta mutu, kuma ko an wanke shi sau goma zai koma muddin ba a sauya ta ba.

Wankin kansa aiki ne na haƙuri fiye da na ƙarfi, kuma sharaɗinsa na farko, wanda in an saɓa shi gyara ya zama ɓarna, shi ne kada ko ƙwayar datti ta faɗa cikin silinda. Bayan an cire kan batir, an bar injin ya huce, an kwance manifol, sai a juya injin da hannu, da sifana a kan babban fule, har bawul ɗin silindar da za a yi wa aiki su rufe ruf. Ana tabbatar da rufewar ta hanyar zuba ɗan ruwan wankin kafireta a mashigar: in ya tsaya, an rufe, in ya zurare, a ƙara juyawa. Sauran mashigai a toshe su da tsumma mai tsabta. Sai a bar ruwan ya jiƙa dattin na ɗan lokaci, a riƙa kankarewa da tsinken itace mai tauri ko na roba ko burushin tagulla, a guji sukudireba da duk ƙarfen da zai karce bawul ko bangon alminiyom, a tsotse abin da ya narke da sirinji ko tsumma, a hure da iska, a maimaita har ƙarfe ya bayyana, sa'an nan a juya injin a koma ta gaba. A ƙasashen da suka daɗe da wannan matsala akwai na'urar da ke fesa niƙaƙƙen ɓawon wani ɗan itace mai tauri da Larabawa ke kira jauzu, tana tsotse shi nan take. An zaɓe shi ne domin ya fi kabon tauri amma bai kai ƙarfe ba. Kada wani ya ji haka ya ce zai gwada da rairayi, wanda Allah ya hore mana da yawa, domin ƙwaya kaɗan daga cikinsa sun isa su kashe injin. Idan an gama, kafin a tayar, a cire fulogai a juya injin da sitata domin duk ruwan da ya silale ya fito, gama ruwa ba ya matsuwa, kuma fistin da ya hau kansa yana iya lanƙwasa sandarsa. A sa sabon gasket na manifol, kada a mayar da tsoho da gam, a kuma juye baƙin mai a zuba sabo.

Akwai gajerun hanyoyi da ake bi a bakin titi, kamar ɗura ruwa ko man birki ta maƙogwaron inji yana aiki, a ga farin hayaƙi ya turnuƙe a ce datti ne ke fita. Ina hana wannan hani mai ƙarfi. Abin da ya yi shekaru yana daskarewa ba ya narkewa da kofin ruwa, wanda ya ɓalle kuwa yana iya maƙalewa tsakanin bawul da mazauninsa, ko ya bugi fuka-fukan tabo a motar da ke da shi, ruwan kuma in ya yi yawa ya aikata abin da muka ambata. Magungunan fesawa da aka yi musamman domin wannan aiki suna rage datti marar kauri idan aka bi umarnin da ke jikin gwangwani, amma ba sa maye gurbin hannu a inda abin ya yi nisa.

Idan awon matsi ya nuna bawul ba ya zama daidai, a nan ne sauke kan silinda ya halatta, kuma a nan tsofaffin makanikan Gobir sun fi kowa, domin girandin bawul da man goge, ana murza shi tsakanin tafin hannu biyu har bakinsa ya yi zobe ɗaya marar yankewa, sa'an nan a zuba kananzir a mashiga a ga ko zai tsatso, sana'a ce da suka ƙware a kanta tun zamanin Fijo, suna kuma yi wa babura da injunan ban-ruwa na fadama ita kullum. Abin da zan ƙara musu shi ne a sauya robobin ƙafar bawul duka tun da an riga an buɗe, a kuma ɗaure kusoshin kan silinda da sifanar awo bisa jerin da maƙera suka tsara, domin kan alminiyom na motocin yanzu ba ya jure ɗaurin ƙiyasi yadda na da ke jurewa.

Wanda ke shirin sayen mota domin waɗannan hanyoyi ya kamata ya san wane tsari zai ɗauko tun kafin ya biya. Rubutun GDI ko FSI ko TSI ko TFSI ko EcoBoost a bayan mota ko a murfin inji yana nuna mai fesawa cikin silinda. Inda ba rubutu, a nemi ƙaramin famfo a saman injin wanda bututun ƙarfe ke fita daga gare shi zuwa nozul. Wannan bututu yana ɗauke da matsin da kan kai ninki ɗari zuwa ɗari biyu na nauyin iskar sarari, alhali na tsohon tsari bai wuce ninki uku ko huɗu ba, don haka kada yaron gareji ya kwance shi injin na da zafi ko ba a sauke matsin ba. Ban ce a guji waɗannan motoci ba, gama suna da ƙarfi da sauƙin shan mai, kuma nan gaba kaɗan su ne za su cika kasuwa ko an so ko an ƙi. Amma mai ita a Isa ko Sabon Birni ya sa a zura kyamara a dubi bawul ɗinta ranar da ta iso, ya mayar da tamostat in an cire, ya sayi baƙin mai a wurin da ya amince da shi ya kuma juye shi kafin wa'adin da littafin motar ya faɗa, domin an rubuta wa'adin ne ga hanyoyin da ba su da ƙurarmu, ya sauya iyakilina sabuwa a farkon hunturu da ƙarshensa, sa'an nan ya sake duban bawul ɗin duk bayan kilomita 40,000 ko 50,000, ko da motar ba ta yi ƙorafi ba.